Wa Ke Da Kududdufi?

Larabawan Chadi "buta" suke ce wa kududdufi. Ranar da wani baƙona daga Zariya ya fara jin an ce yara sun tafi wanka a cikin buta, sai da ya yi dariya har da riƙe ciki, don shi butar da ya sani ita ce ta alwala. Na taya shi dariyar, amma tawa iyakarta leɓe. Akwai wata buta da ta kusa shekara ashirin tana bina duk inda na shiga, kuma a kanta nake son mu yi magana yau.

Ni haifaffen Injamena ne. Kakana ya taso daga ƙasar Kano da niyyar zuwa Makka a ƙafa, kamar ɗimbin Hausawan da suka bi wannan hanya ta gabas. Ya yada zango a nan tun ana kiran garin Fort-Lamy, guzuri ya ƙare, ya ce bari ya ɗan nema sannan ya ƙara gaba. Yana cikin nema aka yi masa aure, yana cikin nema aka sauya wa garin suna a 1973, yana cikin nema Mai shi ya karɓi abinsa. Mu mun tashi a Sabangali, unguwar da duk Bahaushen da ya ji sunanta zai tsinci "sabon gari" a ciki. Amma hutun makaranta a gidan kawuna nake yin sa, a wani ɗan ƙauye da ke bayan gari wajen hanyar Gawi. Ba zan faɗi sunan ƙauyen ba, domin mutanen da labarin ya shafa suna nan da ransu.

Wanda bai taɓa zuwa nan ba, ya ƙaddara ƙasa shimfiɗaɗɗiya kamar faifai, ba tudu ba dutse. In kana son dutsen gini sai an yi doguwar tafiya arewa an fasa an ɗauko maka a tifa. Abin da Allah ya hore mana shi ne laka, wadda kogin Shari da na Logon suka daɗe suna shimfiɗawa. Da ita matan Gawi ke gina tukwane da randunan da aka san su da su, da ita kuma muke gina gidajenmu. Siminti tsada gare shi, don haka mai ƙaramin ƙarfi tubali yake yi, wanda ya ɗan samu ya sayi jan bulo. Da aka fara fitar da man fetur a 2003, kuɗi suka shigo hannun wasu, kowa ya tashi da son gini, sai sana'ar bulo ta zama abin yi. Ita ce sana'ar kawuna.

Da rani ake yin ta. Lebura ya sa diga ya sari ƙasa, a jiƙa, a tattake da ƙafa, a zuba a akwatin katako, a kifar, rana ta busar, sannan a jera shi kamar ɗaki a cinna masa wuta ya kwana biyu ko uku yana ci. Abin da nake so mai karatu ya riƙe shi ne yadda ake haƙar. Mai haƙa ba tafki yake niyyar yi ba, laka mai kyau yake bi. Inda ta yi kyau sai ya nutsa da ita ƙasa, inda ta haɗu da yashi ya bar ta. Saboda haka cikin ramin ba gangare ba ne kamar bakin kogi. Hawa-hawa ne, kamar matakala, kuma kowane hawa sararre ne tsaye. Wani iya gwiwa, na kusa da shi ya shanye babban mutum har da hannunsa a ɗage. Da rani duk muna ganin wannan, har ɓuya muke yi a ciki. Da shamuwa ta zo, ruwan Yuli da na Agusta suka zuba, sai komai ya shafe. Ka wayi gari ka ga tafki lumui, fuskarsa ɗaya daga wannan baki zuwa wancan.

Ba zan ɓoye ba, ban taɓa jin daɗin wani wuri a duniya kamar yadda na ji daɗin wannan kududdufi ba. Ƙauyen ba shi da filin ƙwallo na kirki, ba wutar lantarki, ba gidan kallo, kogi kuma da nisa. Sai ga ruwa har ƙofar gida, kyauta. Da hantsi mata su zo da wanki, su shanya a kan ciyawa, wurin ya yi ja da kore da ruwan ɗorawa. Da azahar makiyaya su kawo shanu, balbelu na biye da su. Da la'asar kuwa namu ne. Wanda ya samu jarka ya toshe bakinta ya rungume, wanda ya samu robar cikin taya shi ne sarki. 'Ya'yan Kotoko, da yake ruwa gadonsu ne, su suke koya mana ninƙaya, suna yi mana dariya in mun sha ruwa. Bahaushe da Balarabe da ɗan Sara da Babarbare, kowa tsirara sai ɗan kamfai, ba ka sanin ɗan wane daga ɗan wane. Dattawa su shimfiɗa tabarma ƙarƙashin wata tsamiya su ɗora shayi. In ruwa ya fara ja baya wajen Disamba sai a shiga kamun tarwaɗa da hannu, in ya ƙafe sarai a tono gaiwa a cikin busasshiyar laka. Babu wanda ya zana wannan wuri a takarda, babu wanda ya yanke ƙyalle ya buɗe shi. In ka tambayi kowa a ƙauyen na wane ne, amsa ɗaya za ka ji: na kowa ne.

Ina da shekara goma sha uku lokacin da abin ya faru. Wani yaro ya zo daga cikin gari wurin gwaggonsa, bai fi shekara tara ba. Ya tsaya a baki yana kallonmu, ya cire silifas ɗinsa ya haɗa su wuri ɗaya, irin na yaron da aka koya wa tattali. Ya tambaye ni da Larabci ko da zurfi. Ina tsaye ruwa iya gwiwata, na ce masa, "Ka gani ai, shigo." Ban yi masa ƙarya ba. Inda nake tsaye iya gwiwa ne. Abin da ban faɗa masa ba shi ne taku uku zuwa hagu akwai sara, wanda na sani sarai, domin da rani daga kansa muke dirowa. Jarkarmu ta suɓuce, muka bi ta da ihu, na manta da shi.

Mutane suna zaton wanda ruwa zai ci yana ihu yana ɗaga hannu. Ni dai ban ji komai ba, kuma babu wanda ya ji. Sai da aka kira magariba muka fito, kowa ya ɗauki rigarsa, silifas biyu suka rage. Wani masunci ne ya yi nutso ya ciro shi bayan isha, ana haska masa da fitila. Ya ce ƙafafunsa sun kafe a cikin laka.

A zaman makoki na ji abin da ya sa ni rubuta wannan. Ina raɓe a bayan zana ina sauraron manya. Wani ya ce kwana ne ya ƙare, kuma gaskiya ne, wa zai ja da wannan? Wata tsohuwa ta ce dama ruwan nan yana da masu shi, duk shekara sai sun karɓi rabonsu. Wasu suka koma kan gwaggon, me ya sa ta bar baƙon yaro ya fita shi kaɗai. Da wani ɗan uwan mamacin da ya zo daga gari ya ɗaga murya ya ce shi yana son ya san ramin na wane ne, sai wuri ya yi tsit, can wani dattijo ya ce, "Ai ramin nan ba na kowa ba ne."

Ku duba wannan kalma tamu. Jiya "na kowa ne", yau "ba na kowa ba ne". Kalmar ɗaya ce, ramin ɗaya ne, mutanen ma su ne dai. Ranar wanki da kamun kifi kowa yana da rabo, ranar gawa kowa ya zame. Kuma dattijon bai yi ƙarya ba, kamar yadda ni ban yi wa yaron ƙarya ba. Babu mai takardar filin. Masu bulo da yawa sun ci a wurin, wani ya haƙa shekara biyu ya tafi, wani ya ɗora. Leburorin da suka riƙe diga 'yan cin rani ne, sun koma garuruwansu. Ƙasar da aka kwashe kuwa tana can tsaye a cikin birni, ta zama ɗakin amarya, ta zama shago, ta zama katangar masallaci da ta coci. Har da ɗakin da mahaifina ya ƙara a gidanmu, wanda nake kwana a ciki.

Na girma ina juya wannan magana. Duk bangon da ka gani tsaye a garin nan, akwai rami daidai girmansa a wani wuri. Mai bangon ya san bangonsa, yana shafe shi, yana faɗa a kansa in maƙwabci ya matso da taku ɗaya. Ramin kuwa bai san ma inda yake ba. Mun raba abu ɗaya gida biyu, muka riƙe rabin da ke ba da inuwa, muka bar wa 'ya'yan ƙauye rabin da ke cin mutum. Da aka ce aljanu ne, ina ganin sauƙi muka nema wa kanmu, domin aljani ba a kai shi gaban alƙali, ba a kuma neman ya kawo shebur ya gyara gaɓa.

Sai da na yi aure na iya faɗa wa kawuna abin da ya gudana tsakanina da yaron. Ya daɗe bai ce komai ba, yana jan carbi. Sannan ya ce, "Kai ka haƙa ramin?"

Na ce, "A'a, Kawu."

Ya ce, "To ni na haƙa wannan gefen. Ni na ce su bi lakar nan ƙasa, don ta fi kyau, ba ta tsagewa a wuta. Da aka ce ba na kowa ba ne ina zaune a wurin, ban buɗe baki ba."

Na ce me ya hana, in an gama aiki, a sassabe bakin ramin ya zama gangare, ko da gefe ɗaya ne? Ya ce, "Ɗana, aikin kwana nawa ne ga lebura nawa? Wa zai biya? In na ƙara dala ɗaya a kan kowane bulo, mai saye zai wuce ni ya tafi wurin na gaba. Ka taɓa ganin wanda ya zo sayen bulo ya tambayi lafiyar rami?"

Na kai maganar gaban wani malami da nake ɗaukar karatu a wurinsa. Ya ce malaman fiƙihu sun rarrabe: wanda ya haƙa rami a kan hanyar mutane ba da haƙƙi ba, abin da ya faɗa ciki yana wuyansa, wanda kuwa ya haƙa a cikin mulkinsa, ko a inda aka saba haƙa nesa da hanya, ba a bin sa diyya. Na ce, "Allah gafarta malam, in a daji aka haƙa shi, daga baya gari ya taso ya same shi fa?" Domin abin da ke faruwa ke nan. Garin da aka kafa a 1900 a matsayin sansanin soja ya haura mutum miliyan ɗaya tuntuni, kuma kullum ƙara cin ƙauyuka yake yi. Ramin da aka haƙa a bayan gari bara, baɗi yana tsakiyar unguwa. Malam ya ce alƙali yana hukunci ne da abin da ya bayyana, kuma ba duk abin da alƙali ya sallame ka a kansa ne ka sallamu ba. Bai ƙara ba, ni ma ban matsa ba.

Yanzu kududdufin ya samu mai shi. Wani Alhaji ɗan kasuwa ya sayi filin da ke kewaye, ya yi takardu, ya zagaye da waya. Kuma, a faɗi gaskiya, ya yi aiki. Ya kawo mota ta ture gaɓar gabas ta zama gangare, ya zuba yashi, ya kwashe ledoji da mushen da ake jefawa. Ya ja igiya da jarkoki a kan ruwa, iyakar inda yaro zai tsaya. Ya dasa darbejiya, ya kafa rumfuna da kujerun roba, ya kawo kwalekwale biyu masu fenti. Ya ɗauki wani masunci aiki, ba abin da yake yi sai zama yana kallon ruwa. Har rijiyar burtsatse ya haƙa yana ƙara ruwa, don kada wurin ya ƙafe a Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 kuma mutanen gari suka fi neman inda za su sha iska. Asabar da Lahadi motoci ne jere, ana gasa kifi, ana ɗaukar hoto. Kuɗin shiga sefa 500, dala ɗari ke nan a lissafinmu. Tun da ya karɓi wurin ban ji an ce ruwa ya ci kowa a ciki ba.

Na je da ɗana, na biya, na zauna a rumfa kusa da inda tsamiyar nan take. Ta cikin waya ina hango yaran ƙauyen, sun saƙale yatsunsu suna kallo. Wasunsu na san iyayensu, tare muka koyi ninƙaya a nan. Dala ɗari ga mutumin da ke da 'ya'ya bakwai ba kuɗin wanka ba ne, kuɗin cefane ne. Matan ma an hana su wanki, shanu an kore su. Na samu Alhajin na gaishe shi, na ce, "Alhaji, ba a yi wa 'yan gari rangwame, ko rana ɗaya a mako?"

Ya ce, "Malam, lokacin da wurin nan yake cin 'ya'yansu, wa ya hana su gyarawa? Shekara nawa yana hannunsu? Na zuba dukiyata na raya mataccen wuri. In na buɗe kyauta, wa zai biya mai gadi? In yaro ya mutu a ciki yau, ni za a kama, don yanzu an san mai shi."

Na rasa abin da zan ce masa, kuma har yanzu ban samu cikakkiyar amsa ba. Wanda ya raya mataccen fili yana da haƙƙi a kansa, wannan tsohuwar ƙa'ida ce da malamai da sarakuna suka sani. Kuma jimlarsa ta ƙarshe ita ce abin da aka rasa ranar makoki: mutumin da za a nuna a ce shi ne. Ya ɗauki alhakin da duk muka gudu muka bari. Sai dai alhakin nasa iyakarsa waya. Yaran da ke waje ba su daina son ruwa ba don an sa ƙofa. Akwai wani sabon rami can gaba, tafiyar minti goma sha biyar, wanda aka haƙa da motar haƙa, ya fi na da zurfi nesa ba kusa ba, bangonsa tsaye ta ko'ina, ba dattijo mai shayi a bakinsa, ba mace mai wanki da za ta ɗaga kai ta ƙirga kawuna. Can suke zuwa. Wayar Alhaji ba ta rage haɗarin ba, tace shi ta yi: ɗan mai dala ɗari ya samu igiya da mai gadi, ɗan wanda ya haƙa ramin da hannunsa ya samu wanda ya fi muni.

Wani zai ce a cike ramukan kawai a huta, ga sauro, ga tsargiya da ke sa yara fitsarin jini. Na taɓa tunanin haka. Amma ruwan sama sai ya samu wurin zama, kuma a ƙasa irin tamu ba shi da gangaren da zai bi. Mutanen Kano sun san abin da ke biyo baya in aka cike kududdufi da shara aka yanka shi filoti: ruwan yana dawowa neman gidansa, ya tarar da mutane a ciki. Mu ma mun gani. A Oktoban 2022, da Shari da Logon suka cika suka tumbatsa, unguwanni irin su Waliya da Tukura a kwalekwale ake shiga. Wancan ruwan kogi ne, kududdufi ba zai tare shi ba, amma duk wanda ya ga wannan shekarar ya daina raina wurin da ruwa zai kwanta. Har hukuma da kanta tana haƙa manyan ramukan tara ruwa a cikin gari. Ramin yana da amfani, yana da daɗi, yana da haɗari, kuma ba a iya ɗaukar ɗaya a bar sauran.

Wani lokaci in na wuce ofishin Hukumar Tafkin Chadi, wadda ƙasashe huɗu suka kafa a 1964 kuma mazauninta yana nan garinmu, sai in yi murmushi. Babban tafki yana da hukuma da ministoci da taruka, duk da haka daga kusan murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960 ya tsuke ya koma ɗan kaɗan daga cikin haka bayan farin shekarun 1970 da 1980. Balle ɗan kududdufin ƙauye da ko mai unguwa ba ya lissafa shi cikin kayansa.

Inda tunanina ya tsaya, alhakin rami yana bin ƙasar da aka ciro daga cikinsa, duk inda ta je, kuma yana bin wanda ya san yadda ƙarƙashin ruwan yake. Kawu yana da kashi biyun, ni ma haka, ɗaya ta ɗakin da na kwana, ɗaya ta taku ukun da ban faɗa ba. Gyaran da ake bukata ba wani abin a zo a gani ba ne: gangare a gefe ɗaya, turaku a bakin sara, babba ɗaya da ya iya ruwa yana zaune daga la'asar zuwa magariba na wata huɗu. In an raba kuɗin wannan a kan dubban bulon da ake fitarwa daga rami guda, mai saye ba zai ma ji a jikinsa ba. Da haka aka yi tun farko, da ƙauyen bai bukaci Alhaji da wayarsa ba. Na faɗi wannan a majalisa fiye da sau ɗaya, kowa ya ce gaskiya ne, aka zuba shayi na biyu.

Laifi tudu ne, in ji Hausawa. Ranin da ya wuce na tashi ƙara ɗaki a gidana, yara sun fara girma. Na hau babur na tafi bayan gari wurin masu bulo, na ɗauki ɗaya na ƙwanƙwasa, ya yi ƙara mai kyau, alamar laka ce ta ƙasa-ƙasa. Mai bulon ya faɗi kuɗi, na ce ya yi tsada, na nuna masa na maƙwabcinsa. Ya ce albarka. Na juya kamar zan tafi, ya kira ni, ya rage mini dala ɗaya a kan kowane bulo. Na biya kuɗin dubu uku, na kama hanya ina jin daɗin na iya ciniki. Sai da na zo kwanar fita na lura da ramin da ke bayan inda aka jera bulon, leburori uku a can ƙasa, kawunansu ma ba sa kaiwa baki. Wasu yara biyu suna zaune a gaɓa, sun zuro ƙafafu, suna jefa tsakuwa ciki. Watan Mayu ne, gabas ta fara haɗa hadari.